Inda wutar madaukin PLL ke zurarewa, da yadda na toshe ta

Aikin shi ne haɗa ƙaramin rediyon aika bayanai a zangon gigahaz 2.4, wanda zai zauna a kan rufin kwano a unguwar Birni, nan Damagaram, yana cin batir mai bolt 12 da pano ke cajawa. Zuciyar irin wannan rediyo ita ce madaukin PLL, da'irar da ke ɗaure saurin rawar sigina da kiɗan kiristal. Kiristal yana ba da kiɗa a hankali, osilatan VCO, wanda bolt ke saita saurinsa, yana rawa da sauri, mai rabawa yana rage saurin rawar, mai gwada taku yana duba ko ƙafa ta yi daidai da ganga. In ta kauce, famfon caji ya tura ko ya janye wuta ta cikin rariya, VCO ya gyara taku.

Na ɗauki guntun lantarki ADF4351 na kamfanin Analog Devices, wanda ke ba da megahaz 35 zuwa 4400, da kiristal na megahaz 25. A gwajin farko allon ya ja kusan miliamfa 120 a bolt 3.3.

Kuskurena na farko shi ne fara tsimi daga famfon caji. Ana iya saita shi daga miliamfa 0.31 zuwa 5, sai na sauke shi ƙasa can. Ribar ba ta taka kara ta karya ba, domin VCO shi kaɗai yana cin kimanin miliamfa 70. Asarar kuwa ta fito fili: famfo mai rauni yana tilasta a ƙara girman rezista a rariya a kuma rage kondansa, babbar rezista kuma tana da hayaniyarta ta zafi. VCO ɗin nan yana motsa kusan megahaz 40 a kowane bolt, wato milibolt 1 kacal na datti a layin saiti ya isa ya kaɗa sigina da kilohaz 40. Na mayar da famfon miliamfa 2.5, na bar shi nan.

Ashe babbar ɓarna tana gaban guntun, a wajen sauke wuta. Mai sauke bolt na layi yana ƙona bambancin ne ya zama zafi. Daga 12 zuwa 3.3 akwai bolt 8.7, a ninka da amfa 0.12, ya ba da wat 1 da ɗoriya, alhali madaukin kansa wat 0.4 yake bukata. Sai na sa mai saukewa na kunna-kashe, LM2596, wanda ke bugawa a kilohaz 150. Cin wuta ya faɗi ƙasa da rabi, amma ƙayoyi biyu, wato ƙananan siginonin da ba a so, suka tsiro a gefen sigina, dama da hagu, daidai kilohaz 150 daga tsakiya. Maganin mataki uku ne: a sauke zuwa bolt 4, a bi ta nadi na maikurohenri 10 da kondansa ta maikurofarad 22, sannan a ƙarasa zuwa 3.3 da LDO, wani irin mai sauke bolt na layi, mai ƙarancin hayaniya. Wannan nadi da kondansa suna yankewa wajen kilohaz 11, a lissafi suna danne bugun 150 da sama da desibel 40. Jimillar abin da batir ke bayarwa ta dawo kusan wat 0.6. A kuma nisanta nadin mai saukewa daga rariyar madauki, domin maganaɗisunsa yana tsallaka iska ko babu waya.

Akwai tsimin da ba ya cin ko dala. Ƙofar fita ta biyu a kashe ta in ba a amfani da ita. Ƙarfin fita yana da matakai 4, daga -4 zuwa +5 dBm (ma'aunin ƙarfin sigina), a zaɓi mafi ƙanƙanta da zai ishi mataki na gaba. Tunda VCO yana aiki tsakanin megahaz 2200 da 4400, a gigahaz 2.4 ba a bukatar mai rabawa na fita, wutarsa ta huta.

Kan saurin gwada taku na fi daɗewa, kuma ya cancanta. Hayaniyar cikin madauki ana samunta ta haɗa ma'aunin hayaniyar guntun, kusan desibel -220, da 10 log na saurin gwadawa, da 20 log na adadin rabawa. In ana gwadawa a megahaz 1, rabawa ta zama 2400, sakamako kusan -92. In a megahaz 25 ne, rabawa 96, sakamako kusan -106. Desibel 14 ke nan kusan kyauta. Wanda zai nemi wannan tsabta ta hanyar ƙara wuta zai sha tsada, don ƙa'idar ita ce rage rawar lokaci da rabi tana cin wuta ninki 4. Sharaɗin dai sai an yi rabawa mai gutsure, kamar 96.48 don samun megahaz 2412. Tarkonta yana kusa da cikakkun ninki na 25: in ka nemi 2425.05, ƙaya za ta fito a kilohaz 50, cikin madauki inda rariya ba ta taɓa ta. Ko a kauce wa wurin, ko a canza kiristal zuwa 26.

Faɗin madauki na sa kilohaz 50, rarar kusurwa (ratar da ke hana madauki tangaɗi) digiri 50, na lissafa da manhajar ADIsimPLL. Kondansar rariya lallai su zama nau'in C0G. Na fara da nau'in X7R saboda su suka zo cikin saƙon Kano, sai na ga ko ƙwanƙwasa akwatin aka yi sigina na girgiza, kuma ƙimarsu tana iya kaucewa da kashi 15 cikin 100 saboda zafi.

Zafin kuwa ba wasa ba ne. A Afrilu inuwa ma tana wuce digiri 40, balle akwati a ƙarƙashin kwano. Guntun yana da VCO 3, kowanne da zango 16, yana zaɓar ɗaya duk lokacin da aka rubuta rajista ta 0, ɗaya daga cikin wuraren ajiye saitinsa. Wanda ya zaɓa da sanyin asuba, da azahar sai ka ga bolt ɗin saiti ya gangara gefe. Sake rubuta rajistar yana sa ya sake zaɓe. Ragowar man dalma ma abokin gaba ne: ƙurar hunturu ta manne masa, danshin damina ya mai da shi hanyar yoyo, famfo ya yi ta cike gurbi, ƙayoyi su ƙaru. A wanke allon da alkol na isofurofil, a shafa banis.

Tsimi mafi girma daga barci ya zo. Rediyon yana magana milisakan 5 ne a kowane 100. Zaɓen zango yana ɗaukar maikurosakan 80, kullewa kusan haka, don haka nake tada shi maikurosakan 300 kafin aika, in jira ƙafar guntun da ke shaida kulle ta tashi sannan in buɗe fita. Matsakaicin cin madaukin ya sauko ƙasa da miliamfa 10. Kiristal kaɗai nake bari a kunne, domin yana ɗaukar milisakan kafin ya natsu, in an kashe shi tare da sauran, farkon kowane saƙo yakan fita a karkace.