Hirar tabarma a Yelwa

Jiya da daddare aka ɗauke wuta a Yelwa, muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ƙanena mai karatu a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) da ke nan Bauchi ya kalli sama ya ce, “Yaya, ƙarfin janyowa ne ke tara taurari gungu-gungu, amma akwai wani ɓoyayyen ƙarfi, kusan kashi 70 cikin 100 na sararin samaniya, da ke ta buɗa shi.” Tun 1998 aka gano buɗawar tana ƙara sauri. In ta yi sauri, gungun ba sa samun sukunin girma, kamar mai tara ƙaiƙayi iska na kwashewa.

Abin da ya ɗaure mini kai, a 2025 na'urar DESI da ke Amurka, mai auna buɗawar sararin samaniya, ta nuna alamar ɓoyayyen ƙarfin nan raguwa yake. In ta tabbata, lissafin girman gungun sai an sake shi. Yaron har tuwonsa ya huce.