Gasar tanis ta Legas da ta gamu da rasuwar Murtala

Duk Bakano ya san ranar Juma'a, 13 ga Fabrairu, 1976, ranar da su Dimka suka yi wa motar Janar Murtala Ramat kwanton ɓauna a Legas suka harbe shi, Allah ya jiƙansa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a wannan makon manyan 'yan tanis na duniya suna garin, suna fafatawa a filin jar ƙasa na Lagos Lawn Tennis Club, kusa da dandalin Tafawa Ɓalewa.

Gasar tana cikin jerin wasannin ƙwararru na duniya da ake kira WCT (World Championship Tennis), kuma tauraronta Arthur Ashe ne, baƙar fata ɗan Amurka da ya doke Jimmy Connors ya ɗauki kofin Wimbledon, babbar gasar tanis ta Ingila, a 1975. Ku duba girman abin: zakaran Wimbledon da kansa a ƙasarmu, lokacin kuɗin mai na shigowa, Najeriya na jin kanta. Har Pele yana Legas a kwanakin, shi ma rufe filin jirgi ya rutsa da shi.

Da aka yi kisan sai aka dakatar da wasa. Aka kai gawar Janar Kano, Obasanjo ya karɓi mulki, aka shiga zaman makoki. Gari ya yi zafi, jama'a na zargin Turawan Yamma, don wata guda ke nan da Murtala ya tsaya a Addis Ababa ya gaya wa Amurka gaskiya kan batun Angola. A cikin wannan hali aka koma fili. Ranar Litinin, 16 ga wata, Ashe yana karawa da Jeff Borowiak a wasan kusa da na ƙarshe, sai ga sojoji sun kutso suna ta faɗa, wai ƙasa na makoki su suna wasa. Wani ya dafa wa Ashe bakin bindiga a baya, ya fita daga fili hannuwa a sama, 'yan kallo suka watse da gudu.

Ni dai a ganina masu shirya gasar sun yi garaje. Ba a buga ƙwallo a gidan rasuwa kafin a share makoki, ko yaro ya san wannan. Amma abin da sojan nan ya yi yana ci mini rai har yau. Baƙo ne, gayyato shi muka yi, kuma mutum ne da ya daɗe yana adawa da mulkin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu, yaƙin da Murtala ya ɗauka da zafi. Ba shi ya kamata a nuna wa bindiga ba.

Da rakiyar jami'an tsaro aka fitar da 'yan wasan daga ƙasar. A Karakas ta Benezuwela aka ƙarasa gasar daga baya, Dick Stockton ya doke Ashe a wasan ƙarshe.

An sake farfaɗo da gasar ta Legas a ƙarƙashin Grand Prix, wani jerin manyan gasannin tanis na duniya a lokacin. Kjell Johansson ɗan Suwidin ya ci a 1978, sai 'yan Ostiriya biyu, Hans Kary a 1979 da Peter Feigl a 1980. Gwanaye ne, amma ba ajin su Ashe ba. Bayan 1980 Legas ta fice daga jerin manyan gasanni, aka koma ƙanana. Shekara uku bayan haka Nduka Odizor, yaron Legas, ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon, ya dawo gida babu babbar gasar da zai buga a gaban mutanensa.