Filtar iskar da ta ja min zagi a gaban kwastoma

Jiya na tattara sifanonina na bar garejin da nake aiki bayan shekara 6, kuma cikin duk abin da ya faru a wurin wanda ya fi tsaya min a rai maganar filtar iska ce. Ƙaramin abu ne wallahi, amma har yau in na tuna ranar sai na ji raina ya ɓaci.

Ina shekara ta biyu lokacin. Wani Alhaji kwastomanmu ya kawo mota sabis, na buɗe akwatin filta sai na ga ba irin ta takarda da muka saba cirewa mu yar ba ce, wannan ta auduga ce da ragar waya a jikinta, ja-ja haka saboda man da ake shafa mata. Ban taɓa wanke irinta ba, sai na tambayi Oga. Ko ɗagowa bai yi ba ya ce "kai dai wanke ta da fetur ka busa mata iska ka zuba mata mai, mutum na jira". Haka na yi. Na tsoma ta a fetur, na sa mata kwamfresa har tana fito, na ɗauko baƙin mai na kwarara mata har yana ɗiga, ni a ganina ma na yi aikin kirki tunda ban yi rowar mai ba.

Kwana 4 sai ga motar ta dawo, tana shaƙewa in an taka totur, ga wutar cek injin ta kama. Oga ya canza fulogi, ba ta daina ba. Ya canza kwayil, shiru. Yana shirin sauke famfon mai na ce Oga bari mu jona na'urar gano matsalar mota mu gani mana, ya harare ni amma ya bari. Lambobin matsala P0101 da P0171 suka fito, ta farko tana nuna sensar auna iska, ta biyu tana nuna fetur ya yi wa iska kaɗan. Ita wannan sensar, da ake kira MAF, tana bayan akwatin filta ne daf, kuma ɗan siririn waya ne a ciki da ake ɗumamawa, da yadda iska ke sanyaya shi kwamfutar mota take sanin yawan iskar da ta shiga. To man da na kwarara ne iska ta ja ya lulluɓe wayar, ƙura ta zo ta manne a kai, kwamfuta tana ganin iska kaɗan ce ta shigo sai ta rage fetur, mota kuma ta dinga kakarewa.

Nan take Oga ya juya wajen Alhaji ya ce "ranka ya daɗe yaron nan ne, na sha gaya masa kar ya taɓa abin da bai sani ba". A gaban sauran yara. Ban ce uffan ba, me zan ce? Ni na fesa wa sensar maganin wanki motar ta dawo daidai, shi aka yi wa godiya. Filtar kuwa da na ɗaga ta a rana sai ga haske yana ratsowa ta ƙananan huji, fetur da iskar kwamfresa sun gama da audugar. A kuɗina aka cire ta, har da fulogin da ba su da laifi.

Daren nan na nemi bayanin masu ƙera ta na karanta, abin da ya kamata in yi tun farko. Ashe maganin wankinta daban ne, ka fesa ka jira kamar minti 10, ka ɗauraye da ruwa mara ƙarfi daga ɓangaren mai tsabta zuwa mai datti don ƙura ta fita ta inda ta shigo, ka bar ta ta bushe da kanta ba wuta ba kwamfresa, sannan ka bi kan kowane ninki da man ta na musamman ɗan kaɗan ka ba shi kamar minti 20 ya ratsa. Kamfanin K&N na Amurka ne ya yi suna da irin wannan filtar tun 1969, kuma daga babura masu tsere a cikin ƙura abin ya faro, mutanen da ke kwance injinsu da hannunsu kullum.

Shi ya sa ni dai in mai mota ya tambaye ni, tambayar da nake mayar masa ita ce wa zai dinga wanke ta? In kai ne da kanka kuma kana da haƙurin jiran ta bushe, bismillah, za ta yi maka shekaru, ka ajiye ta takarda ɗaya a gefe ka sa ranar wanki. In kuwa gareji za ka kai a miƙa wa yaro irina na wancan lokacin, Oga yana masa ihu mutum na jira, don Allah ka tsaya a kan ta takarda. Ta auduga ta fi barin iska ta wuce, gaskiya ne, amma ta takarda mai kyau ta fi tare ƙura mai laushi, ita kuma wannan ƙurar ce ke cin ringin fistan a hankali har mota ta fara shan baƙin mai. Zancen wai za ta rage maka shan fetur kuma, a motar injekta kwamfuta ce ke auna fetur daidai da iska, ko filta ta toshe jan mota ne ke raguwa. Masu kafireta ne abin ya fi shafa.

Sauran darussan da na koya ba su da yawa. Ta takarda ba a wanke ta, kuma ba a busa mata iska, in ta yi datti a canza. A duba robar bakinta ta zauna daidai kafin a rufe akwati. A jona na'ura kafin a fara canza kaya a aljihun kwastoma. In babba ya ba ka umarnin da ba ka yarda da shi ba, maimaita masa da ƙarfi yadda wani zai ji.

Satin da ya wuce na ga sabon yaron da aka kawo riƙe da filtar takarda yana nufar kwamfresa. Na ce wa ya sa ka? Ya nuna ofis da baki. Na karɓe ta na ɗaga masa a rana ya ga hujin da busawar baya ta yi mata, na ce je ka nuna masa, ka ce ni na aiko ka.