Soja ɗaya za ku fara ba mai fenti

Ƙannena masu son wasan yaƙi na kan teburi, ku matso ku ji yadda na rasa sojoji goma sha ɗaya ba a harba ko harsashi ɗaya ba.

Wani yayana da ke karatu a Faransa ne ya kawo min tsarabar 'yan sojojin roba talatin na Warhammer 40,000, wasan da kamfanin Games Workshop na Ingila ya fito da shi a 1987. Kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Launin toka suke zuwa, gaɓa gaɓa, kai za ka yanko ka manna ka shafa launi. Mannawa na iya. Fenti kuwa, hannuna rawa yake kamar na mai zazzaɓi.

Ban taɓa ganin wanda ya ɗauki wannan aiki sana'a ba a nan Yamai, sai na nufi wani dattijo a unguwarmu mai zana allunan shagunan aski. Gwani ne, in ya zana kan mutum sai ka rantse zai yi magana. Na juye masa sojojin duka, na ce, "Baba, a yi min su shuɗi da ruwan zinariya." Ya ce jika goma sha biyar. Don murnar araha na biya nan take, ban nuna masa hoto ba, ban tambayi irin fentin da zai sa ba.

Bayan mako uku na karɓo su. Fentin mai ya shafa, irin na ƙofa da taga, mai kauri. Idanu sun toshe, zanen sulke ya nutse, kowane soja ya koma kamar an tsoma shi a kunu. Ga ƙurar hunturu ta manne a jiki, domin fentin mai yana daɗewa bai bushe ba. Laifinsa kaɗan ne. Mutumin da ya saba da allo mai faɗin mita biyu, ni na kai masa fuskar da ba ta kai ƙwayar wake ba, ban yi masa bayanin komai ba.

Wautar da ta fi wannan a gida na tafka ta. Na jiƙa goma sha ɗaya a ruwan da ake tsinka fentin mota da shi, wai in wanke su. Wannan ruwa narka irin robar yake yi. Da safe na tarar da bindigogi sun lanƙwashe, kawuna sun yi laushi kamar cingam.

Wanda ya gyara min aiki daga baya wani yaro ne mai gyaran salula, mai madubin ƙara girma da hannun da ba ya motsi. Na sayo sababbi goma, amma ɗaya tak na ba shi, tare da hotuna uku da fentin akirilik na Vallejo, wanda ake sirkawa da ruwa. Na farko bai yi kyau ba. Ya goge shi da alkol ɗin da yake wanke cikin waya da shi, wanda ke cire akirilik ba ya taɓa robar, ya sake. Sai a karo na uku muka yi ciniki.

Ga abin da za ku faɗa wa mai fenti tun kafin a buɗe kwalba. A fara da shafen ƙasa mai riƙe launi, in ba haka ba fentin zai ɓare a hannu. A yi shafi biyu ko uku marasa kauri. A zafin watan Afrilu, da ake haura digiri 40, akirilik kan bushe a bakin buroshi, don haka ya zuba fentin a kan takarda bisa jiƙaƙƙen soso. Ku kuma bambance masa: sojan da za a kalla daga nesa a kan teburi daban, kwamandan da za a ɗauka a duba daban, kuɗinsu ma ba ɗaya ba ne. Rabi kafin alƙalami, rabi ranar karɓa, kuma a rubuta adadin sojoji da rana a WhatsApp. Ni da na ce wa Baba "sai ka samu lokaci", sau shida na yi sawu.

Narkakkun nan goma sha ɗaya ban zubar ba. Na manna su a kan kwali da yashi, su ne gawawwakin filin daga duk ranar Asabar.