Giɓin saitin baya da idon ɗan shekara 46

Shekara shida ke nan ina zuwa filin koyon harbi a Hustan da ke jihar Teksas ta Amurka, kusan duk Asabar. A gida Najeriya ban taɓa riƙe fistol ba, domin dokar bindigogi ta 1959 ta sa ta cikin makaman da farar hula ba ya mallaka sai da izinin shugaban ƙasa. A nan kuwa wasa ne da ake gasa a kansa, ni ma takarda kawai nake harbi.

Bindigata fistol ce ƙirar Glock 19. Saiti biyu ne a samanta da ake auna harbi da su: ƙaramar sanda a gaba, da mai giɓi a baya. Saitin bayan da ta zo da shi giɓinsa mai kusurwa huɗu ne. Ka'idar ita ce ka sa sandar gaba a tsakiyar giɓin, kanta ya yi daidai da kafaɗun saitin baya, hasken da ke hagunta da damanta su zo ɗaya. Haka na yi ta yi lafiya lau har na cika 46, lokacin da na fara nesanta waya da fuskata kafin in iya karanta saƙo. A filin ma sai siraran hasken nan biyu suka fara narkewa, sandar ta haɗe da giɓin.

Sai na fara gwada saitin baya mai siffar V, na kamfanin XS da ake kira Big Dot. Giɓin shimfiɗaɗɗe ne, da farin layi a tsakiya, sai ka ɗora ƙaton ɗigon gaba a kansa kamar ɗigon harafin i. Asalinsa daga manyan bindigogin farautar ɓauna da giwa ne, inda dabba ke taso wa mutum a kusa. A yadi 7 na ji daɗinsa ƙwarai, ina ɗaga hannu ɗigon ya zauna. Da na tura takarda yadi 25, ɗigon ya rufe baƙin tsakiya ruf, ga shi babu kafaɗun da zan auna tsayi da su. Harsashi goma suka watsu sama da ƙasa kamar an watsa wa kaji tsaba. Lissafin ma ya nuna dalili: tsakanin saitin gaba da na baya inci 6 ne, don haka kuskuren inci 0.01 a saiti yakan zama inci 1.5 a yadi 25.

Wani dattijo ɗan Katsina da muke haɗuwa a filin, tsohon soja, ya karɓi bindigar ya ɗaga ta wajen fitila.

"Malam, kana ta canza siffa, amma ka taɓa auna faɗin giɓin?"

"A'a, Yallaɓai."

"To idonka haske yake nema."

Wannan magana ce ta kai ni ga mai siffar U. Na sa wanda faɗin giɓinsa inci 0.150 ne, sandar gaba kuma 0.125 mai ɗigon ruwan lemo. Gindin giɓin a zagaye yake, don haka ɗigon yakan faɗa ciki da kansa kamar ƙwai a ludayi, amma kafaɗun sama suna nan a miƙe, ina iya auna tsayi. Na kuma zaɓi baƙi wuluk, ba ɗigo ba layi a baya, saboda farin bayan yana janye mini ido daga gaba.

Na yarda mai kusurwa huɗu matsattse ya fi kowanne kyau a harbin natsuwa daga nesa, in ido na da ƙarfi. Na fi shekara ina ɗora laifi a kan yatsana da kunamar bindiga, alhali giɓin ne ya yi wa idona ƙunci, kuma wannan ya dame ni. Yanzu kafin in sayi saiti sai na ari irinsa na harba a yadi 7 da yadi 25, a cikin hasken filin da nake zuwa, da tabarau ɗin da nake sawa kullum.