Kuɗin baiko da rigimar ikilisiya

Sau da yawa rigimar da ke raba kan ikilisiya daga tasar baiko take tashi, wato tasar da masu sujada ke zuba kuɗin da suke bayarwa ga Allah. Tun zamanin manzanni haka abin yake: a Ayyukan Manzanni sura 6, gunaguni ya ɓarke a kan rabon abincin gwauraye, har aka zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida su kula da shi. Bulus ma, da yake tara gudummawa domin tsarkaka, wato masu bi, na Urushalima, bai bar hidimar kuɗin a hannun mutum ɗaya ba, ya haɗa Titus da 'yan'uwa biyu (2 Korintiyawa 8).

Don haka a ƙirga baiko da zarar an tashi sujada, mutum uku a ɗaki ɗaya, kada a haɗa miji da mata ko 'yan gida ɗaya. A ware zakka, baikon godiya da kuɗin gini, a rubuta jimilla da lamba da kuma kalmomi, kowa ya sa hannu. Ranar Litinin kuɗi su shiga banki.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne ɗibar kuɗi kafin ƙirga. A zari dubu biyar a sayo man janareta, ba rasit. Bayan wata uku lissafi ya ƙi daidaita, zargi ya faɗa kan ma'aji wanda bai ci kwabo ba. Wannan yana ƙona mini rai, domin mai gaskiya ne yake barin aiki da ɓataccen suna.

Masu tura baiko ta waya su tura asusun ikilisiya, ko da fasto ya ce a bi ta nasa.