Tambayar da Na Daina Amsawa da Ƙiyasi

A cikin shekarun da na shafe ina jagorantar ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare wajen neman gurbin karatu a manyan jami'o'i, babu tambayar da aka fi yi mini kamar wannan: "Malam, kana ganin za su ɗauke ni?" Ɗalibi yakan zo da sakamakonsa a hannu, ya jero mini makin da ya samu da kyaututtukan da ya ci da ƙungiyoyin da ya shugabanta, sannan ya zuba mini ido yana jiran hukunci, kamar ni ne nake zaune a kwamitin da zai tantance shi. A farkon aikina nakan amsa, har nakan yi ƙiyasi, in ce wa wannan damarsa ta kai rabi, in ce wa waccan tata ta fi haka. Yau na daina, kuma wata ɗaliba ce sanadin dainawata.

Yarinyar ta fi kowa hazaƙa a ajinta tun daga shekarar farko, kuma a jarrabawar SAT ta neman shiga jami'o'in Amurka, wadda cikakken makinta 1600 ne, kaɗan ya rage ta cinye duka. Ta zaɓi jami'o'i takwas na Amurka, dukkansu daga cikin waɗanda suka fi wuyar shiga, ta kawo mini jerin in duba. Da mahaifinta ya tambaye ni ko bai kamata a ƙara wasu masu sauƙi ba, sai na ce masa, "Ranka ya daɗe, ka kwantar da hankalinka, a cikin takwas ɗin nan ba za a rasa ɗaya ba." A ƙarshen watan Maris amsoshi suka fara isowa. Bakwai suka ba ta haƙuri, ɗaya ta sa sunanta a jerin masu jiran gurbi, kuma har aka fara karatu ba a kira ta ba. Ta zo ofishina ta zauna shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Malam, a ina na yi kuskure?" Na sake bin takardunta ɗaya bayan ɗaya ban ga kuskurenta ba. Kuskuren yana cikin jerin da na amince da shi, da kuma tabbacin da na bai wa mahaifinta a kan abin da ba ya hannuna. Shekara guda ta rasa saboda wannan, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Bayan wannan ne na zauna na fahimci abin da alƙaluman ɗaukar ɗalibai suke nufi. A shekarar 2022 mutum sama da 61,000 ne suka nemi gurbi a Jami'ar Harvard, aka ɗauki ƙasa da 2,000, wato kashi 3 da 'yan kai cikin 100. Wannan adadi yana bayani ne a kan taron masu nema gaba ɗaya, ba ya faɗin komai a kan ɗalibi guda. A cikin waɗanda aka ɗauka akwai 'yan wasan da masu horarwa suka riga suka nema, akwai 'ya'yan tsofaffin ɗaliban jami'ar, akwai kuma waɗanda suka yi fice a matakin ƙasa ko na duniya a wani fanni. Idan aka ware waɗannan, guraben da suka rage wa sauran jama'a sun fi ƙanƙanta fiye da yadda adadin yake nunawa. Abin da ya fi ɗaure mini kai da farko shi ne gane cewa ɗimbin waɗanda ake mayarwa ba don sun gaza ba ne, domin masu neman da za su iya karatun sarai sun ninka yawan kujerun sau da dama. Ɗalibata gwana ce a makarantarmu, amma a cikin wancan taro akwai dubbai masu irin sakamakonta, kowannensu gwani ne a inda ya fito.

Akwai kuma kuskuren lissafi da na yi, wanda nake ganin iyaye da ɗalibai suna maimaitawa kowace shekara. Mutum yakan ɗauka cewa idan kowace jami'a tana ɗaukar kashi 4 cikin 100, to neman guda goma zai ba shi kashi 40. Ko da a ce hukuncin kowace jami'a bai da alaƙa da na sauran, lissafin gaskiya kusan kashi 34 yake bayarwa, wato a cikin ɗalibai uku da suka yi haka, biyu za su tashi hannu wofi. Kuma hukunce-hukuncen suna da alaƙa, tunda muƙala ɗaya da ɗalibi ya rubuta a kan kansa da wasiƙun malamai ɗaya da sakamako ɗaya ake aika musu duka ta Common App, manhajar da ake neman jami'o'in Amurka da yawa da ita a lokaci guda. Raunin da ya hana jami'a ta farko ɗaukar ɗalibi yana nan a gaban ta biyu da ta goma.

Sannu a hankali na gane cewa a tsarin Amurka, maki mai kyau izinin shiga layi ne kawai. Abin da jami'ar take yi shi ne haɗa ajin sabbin ɗalibai, kuma buƙatunta suna sauyawa daga shekara zuwa shekara: sashen da ya rasa ɗalibai, ƙungiyar wasan da take neman mai tsaron gida, yankin da ba shi da wakilci, kuɗin tallafin da ya rage a asusu. Ɗalibi ba ya ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan, ni ma ba na gani. Shari'ar da aka yi da Harvard, wadda ta ƙare da hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na watan Yunin 2023 da ya hana la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, ta bayyana yadda masu tantancewa suke ba da maki daban-daban a kan karatu da ayyukan wajen aji da wasanni da kuma halayyar mutum. Wannan na ƙarshe ra'ayi ne na mai karanta takardu, ba abin da za a auna da ma'auni ba ne. A cikin shekarar ce kuma masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa David Deming da John Friedman suka fitar da binciken da ya nuna cewa 'ya'yan gidajen da suke cikin kashi 1 mafi arziki a Amurka sun fi 'ya'yan masu matsakaicin hali yiwuwar shiga irin waɗannan jami'o'i fiye da ninki biyu, ko da makinsu na jarrabawa ɗaya ne. Ina gaya wa ɗalibaina wannan ba tare da ɓoye-ɓoye ba, domin a ganina zalunci ne a bar yaro yana zaton cewa wasiƙar haƙuri ma'aunin darajarsa ce.

Duk da haka maki bai rasa muhimmanci ba. Bayan annobar korona jami'o'i da yawa sun mayar da jarrabawar SAT da takwararta ACT ganin dama, amma jami'ar MIT ta dawo da wajabcinta a 2022, sannan Dartmouth da Brown da Harvard suka bi sahu a 2024. Wanda yake da wannan buri ya fara shiri da wuri, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Batun kuɗi shi ne wanda na fi jinkirin fahimta, alhali ga ɗalibin da ba ɗan ƙasar ba sau da yawa shi ne yake yanke hukunci. Jami'o'in Amurka ƙalilan ne, irin su Harvard da Yale da Princeton da MIT da Kwalejin Amherst, suke duba takardun ɗalibin ƙasar waje ba tare da la'akari da ko zai iya biyan kuɗin makaranta ba, sannan su cika masa abin da ya gaza idan sun ɗauke shi. A yawancin sauran, neman tallafi mai yawa yana rage damar ɗalibi, domin yana takara ne da sauran mabuƙata a kan ɗan abin da aka ware. Don haka ɗalibai biyu masu sakamako iri ɗaya za su iya samun amsa daban daga jami'a ɗaya, kuma bambancin yana cikin fom ɗin kuɗi. Yanzu kafin in duba muƙalar kowa, sai na zauna da iyayensa mun yi maganar abin da za su iya biya a shekara, ko da maganar tana da nauyi a baki.

Na kuma koyi cewa wuyar shiga ba iri ɗaya ba ce a ko'ina. Oxford da Cambridge a Ingila ba su damu sosai da yawan ƙungiyoyin da ɗalibi ya shiga ba. Darasi ɗaya ake nema, malaman darasin ne suke tantancewa, ana rufe karɓar takardu a tsakiyar Oktoba, ba a yarda mutum ya nemi duka biyun a shekara guda ba, kuma a ganawar da akan yi a Disamba ana ba ɗalibi matsalar da bai taɓa gani ba don a ga yadda yake tunani. Na taɓa samun yaro mai shiru-shiru wanda bai taɓa shugabantar komai ba, amma idan aka ba shi matsalar lissafi yakan kwana a kanta har sai ya ga ƙarshenta. A tsarin da yake son ɗalibi mai hannu a abubuwa da yawa, takardunsa sun yi kama da fanko. A tsarin da yake tambayar zurfi a fanni ɗaya, shi ne irin wanda ake nema, kuma can na karkatar da shi.

Inda nake ganin ɗalibi yana da iko na gaske shi ne a kan abin da yake bayyanawa game da kansa. Common App tana ba da gurabe goma na ayyukan wajen aji da muƙalar da ba ta wuce kalmomi 650 ba, kuma ɗalibai sukan ɗauka cewa dole ne a cike goman nan ko ta halin ƙaƙa. Sai ka ga yaro ya shiga ƙungiyoyi shida a shekararsa ta ƙarshe, ko ya kafa wata gidauniya wata uku kafin rufe karɓar takardu. Masu tantancewa suna karanta dubban irin wannan, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Wani ɗalibina ya so ya ɓoye cewa shekara uku yana kula da ƙannensa da yamma saboda rashin lafiyar mahaifiyarsu, yana ganin wannan ba abin rubutawa ba ne, alhali shi ne bayanin da ya sa ba a ganinsa a ƙungiyoyin makaranta, kuma shi ne mafi ƙarfin shaida a kan irin mutumin da yake. Da ƙyar na shawo kansa ya rubuta shi yadda yake, ba tare da neman tausayi ba. Haka wasiƙar malami: wadda ta ce ɗalibi haziƙi ne mai ladabi ba ta ƙara masa komai, amma wadda ta kawo labarin ranar da ya gano kuskure a amsar littafi ya tsaya a kan hujjarsa cikin natsuwa, ita ce mai karatu yake tunawa.

Yanzu daga ƙasa nake fara gina jerin jami'o'i. Sai mun sami biyu ko uku waɗanda sakamakon ɗalibi ya zarce abin da suke nema, waɗanda iyayensa za su iya ɗaukar nauyinsu, kuma shi kansa zai yi farin cikin zuwa, kafin mu ambaci sunan wata babba. Duk jami'ar da take ɗaukar ƙasa da kashi 10 cikin 100 ina lissafa ta a matsayin buri mai nisa ga kowa, komai makinsa. Ina kuma jan kunnen masu son tsarin neman gurbi da wuri mai ɗaure ɗalibi, wanda akan rufe a farkon Nuwamba, cewa wanda aka ɗauka ta wannan hanya ya yi alkawarin zuwa, don haka ya rasa damar kwatanta tallafin jami'o'i daban-daban.

Ba na rage wa manyan jami'o'in nan daraja. Binciken Chetty ɗin nan ya nuna cewa shiga cikinsu yana ƙara yiwuwar kaiwa ga manyan muƙamai da sahun masu samun kuɗi mafi yawa. Amma binciken Stacy Dale da Alan Krueger na 2002 ya gano cewa ɗalibai masu hazaƙa iri ɗaya, ko sun je jami'a mai wuyar shiga ko mai sauƙi, kuɗin da suke samu daga baya bai bambanta sosai ba, sai dai 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda suka fi cin ribar babbar jami'a. Shi ya sa nake ƙarfafa wa ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi gwiwa ya nema ko da yana shakkar kansa, nake kuma hana kowa ɗora rayuwarsa a kan suna ɗaya.

Ɗalibar nan tawa ta sake nema a shekara ta gaba da jeri mai faɗi, ta sami gurbi da cikakken tallafi a wata jami'ar da a shekarar farko ba mu ko ambaci sunanta ba. Bara wani yaro ya zauna a kujerar da ta zauna, ya miƙo mini sakamakonsa, ya yi mini tambayar nan. Na ce masa, "Ɗana, takardunka sun isa a karanta su da muhimmanci a ko'ina, amma abin da za su yanke ban san shi ba, kuma duk wanda ya ce maka ya sani zato yake yi. Ɗauko takarda mu fara da jami'ar da muke da tabbacin za ta ɗauke ka, sannan mu hau sama."